RA'AYINMU: YABO KAFIN KARATU

Tun daga farkon zangon karatun da ya wuce babu inda mutum zai zauna a cikin wannan jami'a, ko a ɗakin kwana, ko a wurin cin abinci, ko a gindin bishiyar da ake jiran malami, face ya ji ana zancen wani littafin hira da ya fito. 'Yan mata suna zancensa a fili, samari kuwa suna nuna kamar abin bai dame su ba, alhali yana nan cikin wayarsu. An ce ba a taɓa rubuta irinsa ba. An ce wance ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda shi, wance kuma ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Har wani ɗan'uwanmu ɗalibi, wanda muka san tun da ya bar sakandare bai buɗe littafin Hausa ba, ya tare mu a hanya ya rantse mana cewa wannan littafi ya shafe duk abin da aka rubuta kafinsa. Da muka tambaye shi ko ya karanta, sai ya ce a'a, amma ƙanwarsa ta ba shi labari.

Ba za mu ambaci sunan littafin ba, ba kuma za mu ambaci mai shi ba. Matashiya ce kamarmu, wannan ne kuma littafinta na farko, sa'an nan mafi yawan ƙorafinmu ba a kanta yake ba. Waɗanda suka karanta sun san wanda muke nufi.

Abin da ya ja hankalinmu gare shi tun farko shi ne da aka ce labarin wata 'yar masunta ce daga ƙasar Yawuri. Waɗansu daga cikin masu shirya wannan mujalla 'yan can ne: akwai ɗan Yelwa, akwai 'yar Wara ta ƙasar Ngaski, akwai kuma wanda iyayensa suke Shanga. Mun tashi muna karanta labaran da suka faru a Kano da Kaduna da Abuja, har da Dubai da Landan, amma ba mu taɓa buɗe littafin hira muka ga garinmu a ciki ba. Saboda haka da muka ji an ce ga wanda ya tuna da mu, sai muka haɗa kuɗi muka saya, muka riƙa karantawa bi da bi, kowa yana ɗokin layi ya zo kansa. Mun gama shi kaf, tun daga shafin godiya har zuwa inda aka ce a tari littafi na gaba. Gaskiyar magana ita ce mun ji kunya, irin kunyar wanda ya gayyato baƙi walima aka buɗe kwano aka tarar ba kome.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Yarinya tana zaune a wani ƙauye a bakin ruwa tare da kakarta. Motar wani saurayi ɗan masu kuɗi, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba, ta lalace a kusa da ƙauyen, ya gan ta, ya kamu da sonta. Kafin mai karatu ya gyara zama an ɗauke ta an kai Abuja, daga nan kuwa Yawuri ba ta sake fitowa ba sai a bakin uwar miji, idan za ta yi mata gorin ƙauyanci. Abin da ya rage duka mun san shi tun muna aji biyu na sakandare: uwar miji mai baƙar zuciya, 'yar'uwar da aka so a haɗa su tana bin bokaye, hatsarin mota, gadon asibiti, mantuwa, da dawowar hankali a daidai lokacin da ake bukata. Tsakanin waɗannan kuma sai lissafin kaya. An gaya mana sunan kowace mota da kowane turare da launin kowane labule, har mutum ya rasa ko littafin hira yake karantawa ko takardar lefe.

Duk wannan da mun haƙura da shi, domin mun saba. Wurin da abin ya tsaya mana a rai shi ne ƙarshen littafin, inda aka tona cewa ashe yarinyar nan ba 'yar masunta ba ce ko kaɗan. 'Yar wani hamshaƙin attajiri ce da aka sace tana jaririya aka yar a bakin kogi. Sai a nan muka gane dalilin da ya sa tun shafin farko ake ta nanata mana farar fatarta da dogon gashinta da siririn hancinta, ana cewa ba ta yi kama da kowa a ƙauyen ba. Watau a ganin littafin, 'yar masunci ta ainihi, wadda hayaƙin banda ya shiga idonta, igiyar taru ta sa wa hannunta kanta, ba ta isa a so ta ba, ba ta kuma isa a yi littafi a kanta ba, sai an wanke ta daga iyayenta tukuna. 'Yar'uwarmu ta Wara, wadda da kuɗin kifi aka biya mata makaranta tun daga firamare, da ta kai wannan wuri ajiye wayar ta yi, ba ta ce kome ba.

Sa'an nan ga maganar ruwan kansa. A cikin littafin an ce da hunturu ya shigo kogi ya ƙafe, masunta suka zauna ba aikin yi. Duk yaron da ya tashi a bakin tafkin Kainji zai yi dariyar wannan. Kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara a wajenmu. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, yana ɗauke da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar yana tafiya a hankali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa sai cikin sanyi, wajen watan Disamba zuwa Fabrairu. Ashe ke nan lokacin da littafin ya ce kogi ya ƙafe, lokacin ne tafki yake cike maƙil. Sai bayan haka ruwa yake ja da baya, mutane su bi sawunsa suna shuka a danshin da ya bari. Wani zai ce wannan ƙaramin kuskure ne, ai labarin soyayya ake yi ba darasin labarin ƙasa ba. To, amma rayuwar yarinyar da ake ba mu labari, da cinta da shanta da ranar kasuwarta da lokacin da za a yi mata aure, duk a kan hawa da saukar wannan ruwa suke. Haka kuma kowa a ƙauyen littafin Hausar birnin Kano yake yi, babu Bagunge, babu Bakambare, babu Basarke, babu wanda bakinsa ya nuna inda ya fito. Da a ce an goge sunan Yawuri an rubuta Hadeja ko Argungu, babu jimla ɗaya da za ta bukaci gyara.

Abin baƙin cikin shi ne ƙasar da aka ari sunanta cike take da labari. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa. Gungawa, waɗanda suka yi zamanai a kan tsibirai suna noman albasa da gero suna kamun kifi, aka kwashe su aka kai tudu, aka ba su gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi waɗanda ba su yi kama da ɗakunan da suka saba ba. Har gobe akwai tsofaffin da idan kuna cikin jirgi za su nuna maka wani wuri a tsakiyar ruwa, inda ba ka ganin kome sai igiyar ruwa, su ce a nan aka haife su, a can kuma kabarin mahaifinsu yake. Jikokinsu su ne samari da 'yan matan yau, waɗansunsu ba su iya harshen kakanninsu ba sai Hausa. Yarinyar da take tsakanin kaka mai kewar tsibiri da saurayi mai son ya kai ta birni, ai ba ta bukatar a ƙago mata uba attajiri kafin labarinta ya riƙe mai karatu.

Ba sai mun koma shekarun baya ba ma. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai zo Wara, ɗauke da mutum fiye da 150, ya kife a hanya, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. 'Yan mata 11 na ƙarshe sai a 2023 aka sako su, bayan sun kusa shekara biyu a daji. Waɗannan sa'o'inmu ne da ƙannenmu. Ba muna cewa dole kowane marubuci ya mai da alƙalaminsa kan masifa ba, kuma ba ma so a mai da baƙin cikin mutane hajar sayarwa. Abin da muke cewa shi ne, matashin da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, ko ya yi zaman makoki a kansu, ya wuce a riƙa yi masa wasa da hankali da launin labule, sa'an nan a ce masa wai labarinsa ne aka rubuta.

Kada wani ya ɗauka muna cikin masu ƙyamar littattafan soyayya. Da su muka koyi karatun Hausa, yawancinmu a ɓoye, a ƙarƙashin tebur ko cikin bargo da tocila. Soyayya kuwa tsohon jigo ne mai daraja. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito daga gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya aka buga shi a 1980, labarin soyayya ne, amma mai karatu yana jin ƙamshin rugar Fulani a cikinsa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya sami karɓuwar da iyayenmu har yanzu suke ba da labarinta, kuma ko wanda bai yarda da yadda aka warware labarin Sumayya da Muhammad ba ya san cewa littafin ya taɓa abin da yake ci wa matasan lokacin tuwo a ƙwarya, watau auren dole da fifita mai kuɗi a kan mai hali. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990 a kan matar da miji ya wulaƙanta ya kore ta da 'ya'yanta, littafin ya yi ƙarfin da har aka fassara shi da Turanci aka buga a Indiya a 2012. Waɗannan duka an yi musu ganga, amma da aka je an tarar da rawa. Sun san gidajen da suke ba da labari, sun san yadda mutanen ciki suke magana.

To, wa ya kaɗa gangar wannan na yanzu? A nan ne maganar ta dawo kanmu. Yadda kasuwar littafi take tafiya a yau, marubuciya ita ce mai ɗab'i, ita ce mai talla, ita ce mai karɓar kuɗi. Tana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, idan labari ya kai inda rai yake so sai a ce wanda yake son ci gaba ya biya. Kowane dare ana jiran sabon shafi, ita kuma dole ta kawo, ko tana da abin faɗi ko ba ta da shi, shi ya sa labarin da zai ƙare a shafi ɗari yake kai ɗari biyar. Waɗanda suka biya kuwa an tara su a zaure guda, kullum suna zuba mata kirari, domin wanda ya sa kuɗinsa ba ya so a ce ya yi asara. Duk wanda ya kuskura ya ce wuri kaza bai yi ba, sai a ce hassada ce, a fitar da shi. Daga wannan zaure yabon yake fitowa ya bazu, ya faɗa bakin irin ɗan'uwanmu da ƙanwarsa ta ba shi labari, shi kuma ya ƙara gishiri ya miƙa gaba. A duk tsawon wannan hanya babu mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya karanta da idon basira ya ce a gyara.

Da can akwai irin wannan mutum. Abubakar Imam yana da shekara 22 ne, sa'an yawancinmu, lokacin da ya shiga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 da Ruwan Bagaja, wanda ma a nan maƙwabtanmu Kwantagora labarinsa ya soma. Bai fita kasuwa ba sai da ya bi ta hannun Dokta R. M. East, kuma da za a rubuta Magana Jari Ce sai da Imam ya tare a Zariya wata da watanni suna aiki tare. Muna sane da cewa wancan tsari yana da nasa aibi. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, Bature ne yake tsaronta, kuma shekaru da yawa mata ba su sami shiga ba. Ba ma fatan a koma can. Buɗewar da ƙofa ta yi tun daga shekarun 1980, har matan aure suna rubutu daga ɗakunansu ana karantawa a Yamai da Kumasi, alheri ne babba. Sai dai da aka cire mai gadi ba a sa kowa ya riƙa duba kayan da ake shigowa da su ba.

An taɓa gwadawa. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana ganin ba za su yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da waɗansu suka tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu, musamman a shafin adabi na New Nigerian wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi. Kowane ɓangare mutum ya bi, zai yarda cewa masu wannan muhawara sun karanta abin da suke magana a kai. Bayan haka sai abin ya koma hannun hukuma. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan hira da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista. Tun daga nan kamar abu biyu kawai muka iya yi wa littafi, ko mu cinna masa wuta ko mu rangaɗa masa guɗa, kuma duka biyun ana iya yinsu ba tare da an buɗe shi ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa idan marubuta mata suka san akwai alƙalan da za su karanta da natsuwa, suna fito da aiki mai nauyi. Amma gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, littattafai kuwa kullum fitowa suke.

Mu ɗalibai ba mu da bakin ɗora wa kowa laifi. A cikin wannan jami'a akwai waɗanda ake koya wa jigo da salo da zubi da tsari, suna haddacewa su zuba a takardar jarrabawa a kan littattafan da aka rubuta kafin a haifi iyayensu, su ci maki, su fito su shiga zauren masu kirari kamar kowa. Ilmin yana aji, littafin da ake karantawa yana ɗakin kwana, ba su taɓa gamuwa ba. Haka 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da suke karanta wannan mujalla, da yawansu su ne suke tura wa ƙannensu kuɗin sayen irin waɗannan littattafai, ba su taɓa tambayar me ke ciki ba. Mu ma da muke wannan rubutu, sai da aka taɓa garinmu sa'an nan muka farka. Littattafai nawa aka yi wa Zuru ko Gumel ko Maraɗi irin wannan riƙon sakainar kashi muka karanta muka wuce, har muka yaba?

Ita kuwa marubuciyar, idan wannan ya kai gare ta, muna so ta san cewa ba mu raina baiwarta ba. Ta iya sa mutane magana, wannan kuwa ba kowa Allah yake ba shi ba. Akwai wuri guda, wajen farkon littafin, inda yarinyar take taya kakarta jera kifi a kan banda, tsohuwar tana yi mata faɗa a kan ɗan kunnen da ta ɓatar, faɗan da kowa ya san ƙauna ce. Shafi biyu ne kacal, amma duk wanda ya karanta a cikinmu sai da ya ambace shi, domin a nan ne kaɗai muka ji muryar mutum mai rai. Wadda ta iya rubuta waɗannan shafuka biyu za ta iya rubuta ɗari biyu irinsu. Masu yi mata kirari ba za su gaya mata haka ba, domin su motocin suka fi so. Da za ta hau mota ta zo Yelwa ranar kasuwa, ta tsaya a bakin ruwa ta ga yadda jirage suke sauke mutane da buhunan albasa da kwandunan kifi, ta kwana biyu a gidan masunta, ta saurari yadda Basarke yake ciniki da yadda tsohuwar Bagungiya take ba da labarin tsibirinsu, da littafinta na biyu ya bambanta. Masaukinta yana wuyanmu.

A namu ɓangaren, kwamitin wannan mujalla ya yanke shawarar ware shafi biyu a kowace fitowa domin sharhin littattafan hira, sababbi da tsofaffi, na takarda da na waya, daga fitowa ta gaba. Sharaɗi uku ne. Mai sharhi ya karanta littafin har ƙarshe, ya nuna shafin da yake magana a kai ko yabo ne ko suka, kuma ya sa sunansa na gaskiya. Ba za mu buga zagi ba, ba kuma za mu buga talla da sunan sharhi ba, ko da marubucin abokinmu ne. Marubucin da aka yi sharhin littafinsa yana da damar mai da martani a fitowar da ke biye, daidai tsawon abin da aka rubuta a kansa. A kawo rubutu ofishin ƙungiyar ɗalibai, kada ya wuce kalma 800, kafin ƙarshen mako na shida na zango.